Zailani Ka-fi-Dodo da Mayyar Kukar Mati

Duk wanda ya zauna Daura a shekarun farko na ƙaddamar da Shari'a, in ya ce bai san Zailani mai bidiyo ba, to ko dai kurma ne, ko kuwa hassada ce ke cin sa. Allah ya yi wa garin nan baiwa iri-iri, amma ba kullum ake samun mutum guda ya haɗa darakta da marubuci da mawaƙi da manazarci cikin riga ɗaya ba. Zailani ya haɗa su duka. Wanda ke shakka, ga shi nan rubuce a ɗan katin da ya buga, wanda yake miƙa wa kowa, har mai rake, har makahon bakin tasha.

Siffarsa ma kaɗai ta isa shaida. Yana da wata 'yar shara mai aljihu goma sha biyu, irin ta manyan masu ɗaukar hoto, ba ya tuɓe ta ko ana zafin da ke narka kwalta. Yana da tabarau fari, wanda likita bai ba shi ba, ilimi ne kawai ya ga ya dace da fuskarsa. In zai yi magana sai ya haɗa 'yan yatsu ya yi 'yar taga, ya leƙa ka ta ciki, kamar mai auna ko ka isa shiga tarihi. Ilimin fim kuwa a Kano ya sha shi, har tsawon kwana goma sha ɗaya. Masu baƙin ciki sun ce laima ya riƙe wa wani mai kyamara. Shi kuwa ya ce shawara ake nema wurinsa, laimar don kada rana ta taɓa shawarar ce.

Asalin sana'arsa ɗaukar biki. Amma da zamani ya juya, aka daina cakuɗa maza da mata a filin rawa, masu kiɗa suka rataye gangunansu, sai kyamarar Zailani ta koma ɗaukar ƙura a kan kanta. Ƙaramin mutum da sai ya yi kuka. Zailani wurin mai shayi ya nufa, ya sa aka dama masa mai kauri, ya jira benci ya cika, sannan ya gyara murya.

"Jama'a, na yi istihara, na ga inda al'umma ke ciwo. Ba rawa ba ce, ba waƙa ba ce. Maita ce! Turawa sun cika duniya da finafinan masu shan jini a tsofaffin benaye, da tsofaffi masu hawan tsintsiya. Tsintsiya! Mu nan mayyarmu daga zaune za ta kalle ka ta zare maka kurwa, ta ɗaure a ƙafar gado, ko tsayuwa ba ta yi ba. Zan yi fim na faɗakarwa, ba rawa, ba riƙe hannu, sai tsoron Allah zalla. Kuma ba da ka zan yi ba. Ni nan da kuke gani na zauna da mayu, mun ci tuwo akushi ɗaya. Na ga ƙanƙarar maita da idona, na riƙe ta a tafin hannuna tana motsi. Dodo in ya hango ni, shi ke sake hanya."

Daga ranar aka sa masa Ka-fi-Dodo. Masu sa sunan dariya suke yi. Shi kuwa ya koma wurin mai buga kati, aka ƙara masa layi ɗaya.

Gaskiyar magana, wadda ba ta dace da babban mutum ba amma dole a faɗa, Zailani ko tatsuniya ɗaya bai riƙe har ƙarshe ba, domin tun yana yaro da an zo wurin Dodo yake toshe kunne. Duk abin da ya sani game da mayu a bakin wata tsohuwa ya ji shi. Sunanta Yelwa, mai sayar da daddawa a Kukar Mati, wani ɗan ƙauye gaba da Babban Mutum. Gwaggo ce ga Kabo, magidancin da ke riƙe masa kyamara, mutum marar yawan magana. Yelwa rumbu ce ta labarai. Ta san yadda aka ce maye na amayar da ƙanƙara ya ba ɗansa gado, da yadda kurwar mutum ke zama ɗan tsako ko ƙadangare, da waƙoƙin da jaruman tatsuniya ke yi in sun shiga hannun Dodo. Kwana uku Zailani na zuwa yana zama a kan turminta, tana ba da labari tana mulmula daddawa, shi yana rubutawa yana gyaɗa kai.

"Haka ne, Gwaggo," yake cewa. "Daidai da bincikena."

Da ya rasa wadda za ta fito a mayya, domin duk 'yan matan da ya tuntuɓa so suke su fito a 'yar Alhaji, sai ya koma wa tsohuwa da turmin atamfa.

Ta ce, "Ɗan nan, garinmu ƙarami ne fa. Mutane ba su rabe wasa da gaske."

Ya ce, "Gwaggo, ai abin da na zo gyarawa ke nan. Wayar da kai! Bayan fim ɗin nan har daga Damagaram za a riƙa zuwa gaishe ki."

Aka fara aiki a gindin kukar da garin ya samo suna. Labarin duk a cikin duhu yake faruwa, amma da yake babu janareta, da rana tsaka aka ɗauka, Kabo ya yafa wa idon kyamara shuɗin gyale. Jini zoɓo ne. Mujiya wata kaza ce da aka shafe da gawayi, wadda ta ƙi fahimtar matsayinta, tana ta kyarkyara a tsakiyar tashin hankali. Ƙanƙarar maita kuwa wasu fararen tsakuwoyi ne guda bakwai da Darakta ya tsinto a rafi. Wanda mayya za ta kama shi ne Jafaru, ɗan Mai Unguwa Ɗantsoho, ƙato mai mata da 'ya'ya biyu, wanda ya karɓi aikin don a gan shi a talabijin. Aikinsa ya kwanta a rana yana shure-shure. Sau goma sha bakwai Darakta ya sa ya maimaita, yana daka masa tsawa, "Ba haka ake mutuwa ba! Koma!"

A rana ta biyu aka ga jaruntar Ka-fi-Dodo ƙiri-ƙiri. Yana tsaye a bakin kogon kuka yana bayanin yadda ake fuskantar aljani ido da ido, sai wani jemage ya fito fir, ya shafi hularsa. Kafin ƙiftawar ido Darakta ya tsallake kunya tara ta gonar gero, ya bar takalmi ɗaya, yana karanto addu'ar shiga kasuwa. A gudun nan 'yar shara ta buɗe, aka ga layu jere a ƙirjinsa kamar ɗan dambe. Da ya dawo yana haki, sai ya dubi 'yan wasa da fuskar malami.

"Kun gani? Haka nake son ku yi gudu. Sai na gwada muku komai da kaina?"

Abu ɗaya ne ya fito da kyau a fim ɗin, shi ne Yelwa. Tsohuwa ta kwance ɗankwali, ta saki furfura, ta kafe Jafaru da ido tana rera wata waƙa a hankali, irin wadda kakarta ke yi musu. Ba ta yi ihu ba, ba ta zaro harshe ba kamar yadda Darakta ya umarta. Murmushi kawai ta yi. Kabo da ke bayan kyamara sai da tsigar jikinsa ta tashi, alhali ita ta goya shi.

Zailani ya kalli abin a shagonsa na sayar da kaset, ya ga alheri. Sai basira ta motsa. Ya sa aka buga fasta, sunansa sau biyar, fuskar Yelwa ta cika takarda, ba sunanta ko ɗaya. A ƙasa da jan rubutu aka sa: MAYYAR KUKAR MATI. BA 'YAR WASA BA CE, TA GASKE CE. DARAKTA YA SAYAR DA RANSA YA ƊAUKO MUKU ITA.

Kabo ya karanta, ya ce, "Darakta, wannan fa gwaggona ce."

Zailani ya leƙa shi ta tagar 'yan yatsu. "Kabo, kai ka san maɓalli, ni na san kasuwa. Kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi."

Kaset ya karɓu. Daga Zango zuwa Dutsi gidajen kallo suka cika. Zailani ya ƙara faɗi. Tsakuwoyin nan bakwai ya zuba su a aljihu na uku, in hira ta yi daɗi wurin mai shayi sai ya fito da su ya karkaɗa, ya ce daga cikin mayyar ya ƙwato su da ƙarfin ayoyi. Mutane su ja da baya, shi kuwa ransa ya yi fari.

A Kukar Mati kuwa, ranar kasuwa ta zo ta wuce, ba wanda ya taɓa daddawar Yelwa. Matan da ta yi wa wankan jego suka riƙa janye gugansu in ta iso rijiya. Uwa ta hango ta sai ta juya goyo, tana tofi tana cewa kurwar ɗanta kur. Tsohuwar da yara ke cika wa tsakar gida don tatsuniya ta koma cin tuwo ita da kajinta. Ta aika wa Zailani cewa ya zo ya gaya wa mutane wasa ne. Ya aiko mata da amsa cewa haka ɗaukaka take, shi ma yana fama da mahassada.

Ana nan, damina ta sauka, sai Jafaru ya kwanta. Zazzaɓi mai zafi, har ya fara sambatu. Labari ya iso Daura cewa mayyar fim ta kama yaron fim da gaske, mutane sun taru a ƙofar gidanta. Kabo ya shigo shago hankali tashe. Zailani ya miƙe tsaye, idonsa na ƙyalli.

"Allahu Akbar! Kashi na biyu ya rubuta kansa. Ɗauko kyamara!"

Da hantsi suka isa a kan babur. Sun tarar an zaunar da Yelwa a ƙasa a ƙofar gidan Mai Unguwa, gari ya kewaye ta, wasu samari riƙe da sanduna. An shimfiɗe Jafaru a zaure, uwarsa na kuka tana cewa in maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta mantawa. Abin da ake nema, Yelwa ta tuɓe ta tsallake marar lafiya sau uku, yadda aka ce ana yi don maye ya saki kurwa. In ta ƙi, ta bar garin da aka binne cibiyarta. Limamin gari na gefe yana ta cewa a ji tsoron Allah, ba mai sauraronsa.

Wani mutum da ya ga tsohuwa a wannan hali, da sai ya ce, jama'a, ƙarya na yi. Kalma uku. Amma Zailani ya ga taro, kuma bai taɓa ganin taro ya bar shi ya tafi a banza ba. Ya yi wa Kabo alamar ya kunna, ya hau kan wani turmi.

"Ranka ya daɗe, jama'ar Kukar Mati, ku kwantar da hankalinku, masani ya iso! Wannan aiki ba na sanda ba ne, na ilimi ne. Ni na san inda ake ɗaure kurwa, na san inda ake kwance ta. Na san ɗanɗanon abin da mayu ke ci, domin na ci tare da su. Kurwar Jafaru kuwa, tun ranar da na ɗora ido a kansa na gan ta, fara ce sol, mai maiƙo!"

Wuri ya yi tsit. Zailani ya ɗauka kwarjini ne. Mai Unguwa Ɗantsoho ya karkata kai, ya ce, "Ka ce ka ga kurwar ɗana?"

"Kamar yadda nake ganin rawaninka, ranka ya daɗe."

Sai Yelwa ta ɗago. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mai Unguwa, shekarata sittin da wani abu a garin nan. Ni na yanke wa Jafaru cibi. Da ina cin mutane, da tun yana da taushi na cinye shi. Ni dai abin da yaron nan ya ce in yi shi na yi. Ƙanƙarar da kuka gani a bakina, shi ya ba ni, da aka gama ya karɓe abarsa. Ku tambaye shi inda take."

Kafin Darakta ya haɗa amsa, wani ƙato ya riƙe shi, wani ya bi aljihu. Na farko kati. Na biyu kati. Na uku, sai ga fararen duwatsu bakwai sun zubo a gaban Mai Unguwa. Mata suka kwashi 'ya'yansu. Daidai nan, kamar an shirya, Jafaru ya yi juyi a zaure, ya ɗaga murya cikin zafin ciwo: "Darakta, ka sake ni haka nan! Na mutu, wallahi na mutu, kar ka ce in koma!"

Baki shi ke yanka wuya. Nan take gari ya tuna abubuwa da yawa. Aka tuna wa ya zo da baƙin akwati mai ido ɗaya ya ɗauke hoton Jafaru ya tafi da shi Daura. Aka tuna wa ya rubuta da hannunsa cewa ya sayar da ransa. Sandunan da ke kallon tsohuwa suka juya gaba ɗaya, kamar gero in iska ta sauya.

"Ya tuɓe wando ya tsallake!" in ji wani. Gari ya amsa.

Ka-fi-Dodo ya dubi hanya, ya ga babu gonar da zai tsallake wannan karon. Tabarau ya faɗi, wani ya taka. Aka fizge 'yar shara, layu suka bayyana, aka ce to ga sauran kayan aikin.

Liman ne ya cece shi, in dai wannan ceto ne. Ya shiga tsakani ya ɗaga hannu, ya ce yanzu zamanin Shari'a ne, kuma Shari'a ba ta san tsallake ba, ta san shaida da rantsuwa. Ya sa aka kawo buta, Zailani ya yi alwala, aka ɗora masa Alƙur'ani.

"Malam Zailani, ka ci tuwo da mayu?"

"Allah gafarta Malam, wato a ilmance, in aka duba..."

"Littafin Allah ne a hannunka."

"Ban ci ba."

"Ka taɓa ganin kurwa?"

"Ban taɓa ba."

"Waɗannan duwatsun fa?"

"A rafi na tsinta. Wajen da ake wanki."

"Wannan baiwar Allah mayya ce?"

"Wallahi ba mayya ba ce. Ni na rubuta don kaset ya shiga."

"To labarin da waƙoƙin, wa ya ƙirƙira?"

Nan ne fa aka zo wurin mai wuya. Maita ya iya musantawa, amma wannan tambaya ta taɓa jijiya. Ya dubi sanduna, ya dubi Littafi, hawaye suka zubo masa shar.

"Nata ne. Duka nata ne. Ni ko tatsuniyar Gizo ban iya kai ta ƙarshe ba. Tsoro nake ji. Har yanzu ban iya kwana ɗaki ni kaɗai, sai da fitila."

Wata mata ta fara ƙyalƙyalewa, sai dariya ta kama gari kamar wutar kara. Masu sanduna suka rasa inda za su sa su. Mai Unguwa ya sunkuyar da kai, ya ce wa Yelwa, "Iya, mun ci amanar maƙwabtaka. Ki yafe mu." Ta tashi ta kakkaɓe zaninta, ta ce ta ji, amma duk wadda ta janye guga a rijiya ta zo da ƙafarta ta faɗa mata da bakinta. Liman ya ce tun da an gama da mayu, a nemo mota a kai yaro asibiti. Aka kai shi. Zazzaɓin cizon sauro ne. Kwana huɗu ya tashi ya nemi fura.

Darakta ya koma Daura a bayan babur, ba hula, ba tabarau, ba 'yar shara. Sai da suka wuce Zango ya sami bakin magana.

"Kabo, ka kashe kyamarar nan tun da wuri ko?"

Kabo ya ce, "Ai ba ka ce in kashe ba, Darakta. Ni maɓalli kawai na sani."

Ba a yi sati biyu ba kaset ɗin abin da ya faru ranar nan ya fita, ba fasta, ba talla. Kabo ya rubuta sunan gwaggonsa a jiki da babban baƙi. Aka kalle shi a Zango, aka kalle shi a Dutsi, ya tsallaka iyaka. Daddawar Yelwa ta koma ƙarewa kafin azahar, yara suka dawo tsakar gidanta, har da iyayensu suna raɓewa a bakin ƙofa. Masu sayen kaset suka dami shagon Zailani da tambaya, har dai ya ga ba shi da dabara, ya saro shi ya jera a kanta, can ƙasa, kusa da batura.

Wata ranar Laraba wani dattijo Bafillace ya sayar da sa a kasuwa, ya biyo ta shagon. Ya ce a ba shi kaset ɗin tsohuwar nan mai hankali, da wawan nan da ya hau turmi. Zailani, cikin riga 'yar yau da kullum, ya miƙo masa ba tare da ya ɗaga kai ba.

Dattijo ya juya kaset ɗin, yana dariya tun kafin ya kalla. "Sau uku na gan shi a gidan ƙanena. Kai, yaron nan ya iya wauta! Da ya fashe da kuka sai ka rantse ba wasa ba ne. Duk 'yan fim ɗin nan ba kamarsa. A ina kuka samo shi?"

Zailani ya ɗago kai. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ga ba kowa a shagon. Sai ƙirjinsa ya ɗan taso, ya gyara murya.

"Baba," ya ce, "ai ni na koya masa."